Mai Allura Ya Ƙi Allura: Tarihin Wata Gardama a Asibitocin Turawa

A watan Fabrairun 1976, wani matashin soja ya rasu a barikin Fort Dix da ke jihar New Jersey a Amurka, bayan ya kamu da wata irin mura mai zafi da ake samu a jikin aladu. Hankalin masana ya tashi, domin sun ga kamanninta da annobar 1918 wadda ta hallaka miliyoyin mutane a duniya. Shugaba Gerald Ford ya fito ya ce za a yi wa kowa a ƙasar rigakafi. Daga Oktoba zuwa tsakiyar Disamba an yi wa fiye da mutum miliyan 40. Annobar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne rahotannin cutar Guillain-Barré, mai shanye jijiyoyi, wadda ta ƙaru da kusan mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa allurar. Nan take aka dakatar da shirin.

Hannayen da suka soka waɗannan allurai na likitoci ne da ma'aikatan jinya, kuma su ne suka yi jinyar waɗanda ƙafafunsu suka mutu. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya mantawa da wuri.

Ita kanta allurar rigakafin mura tana da rauninta tun asali. Thomas Francis da Jonas Salk suka yi aikin samar da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara da sojoji a 1945. Shekara biyu kacal bayan nan, a 1947, ta kasa kare mutane, saboda ƙwayar cutar ta canza kama. Har yau haka take: kowace shekara sai an yi sabon haɗi, wata shekarar a dace, wata a samu kariya kaɗan. Saboda haka ko da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fara shawartar ma'aikatan lafiya su riƙa karɓa a farkon shekarun 1980, an shafe sama da shekara ashirin ba a kai rabinsu suna miƙa hannu ba. Dalilan da suke bayarwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: ni lafiyata lau, bara na yi amma na kwanta, allurar ce ma ke kawo murar. Na ƙarshen ba gaskiya ba ne, domin ba ƙwaya mai rai a cikin allurar. Amma ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya sun isa su tabbatar wa mutum abin da ya riga ya yarda da shi.

Maganar ta sauya ne lokacin da aka daina tambayar lafiyar ma'aikaci, aka koma kan wanda ke kwance a gado. A 2000 mujallar The Lancet ta buga binciken da aka yi a asibitocin tsofaffi 20 a Sikotland. Inda aka yi wa kusan rabin ma'aikata allura, kashi 13.6 cikin ɗari na majinyata suka rasu a wannan hunturu. Inda ba a yi ba, kashi 22.4. Wasu masana sun soki binciken, suna cewa bambancin ya fi ƙarfin abin da mura kaɗai za ta haddasa, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, tsoho mai ciwon huhu ba shi da ikon zaɓen wanda zai sunkuyo kansa ya gyara masa matashi, kuma wannan hujja ce mai nauyi.

A 2005 asibitin Virginia Mason da ke Seattle ya mayar da allurar sharaɗin aiki. A shekarar farko kusan kashi 98 suka karɓa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta jihar Washington ta kai ƙara, ta kuma yi nasara, a kan cewa ba a zauna da ita ba kafin a kafa dokar. Jihar New York ta gwada tata dokar a 2009, aka yi zanga-zanga, aka je kotu, aka janye ta cikin 'yan watanni lokacin da allurar ta yi ƙaranci.

A Kanada wasu larduna da asibitoci sun nemi tsaka-tsaki: ko allura, ko takunkumin fuska duk tsawon hunturu. Ma'aikatan jinya suka ce wannan tonon silili ne, domin kowa zai gane wanda ya ƙi. A lardin Ontario masu sasanci sun ba su gaskiya har sau biyu, a 2015 da 2018, suka ce hujjar kimiyya ba ta kai a tilasta ba. Lardin British Columbia, wanda ya kafa irin dokar tun 2012, ya daina hukunta masu ƙin bin ta a Disambar 2019, ya bar wa kowane ma'aikaci ya yanke wa kansa. Bayan wata uku korona ta shiga asibitocin, gardamar ta koma kan wata sabuwar allura, tsakanin ƙungiyoyin nan da hukumomin nan.