Sitiyarin hagu, sitiyarin dama, mil da kilomita: abin da ya kamata mu sani game da tsofaffin motoci

 Mu da ke zaune a bakin iyaka, bisa hanyar Maradi zuwa Jibiya da Katsina, motoci iri-iri ke ratsa garinmu: wata sitiyarinta na hagu, wata na dama, wata kwantar ɗinta na ƙidaya kilomita, wata mil. Wannan bambanci ba ado ba ne. Ya shafi rayukan mutane, ya kuma shafi aljihun mai saye.

Hannun tuƙi da gefen sitiyari

Abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Na farko, gefen hanyar da mota ke bi. Na biyu, gefen da direba ke zama. Ƙa'idar ita ce su saɓa: ƙasar da ake bin hannun dama, kamar Nijar da Faransa da Amurka, sitiyari na hagu. Ƙasar da ake bin hannun hagu, kamar Ingila da Japan da Indiya, sitiyari na dama. Dalili kuwa shi ne direba ya kasance kusa da tsakiyar kwalta, don ya hango mai zuwa kafin ya wuce motar da ke gabansa.

Yadda abin ya samo asali a yankinmu

Nijar ta gaji hannun dama daga Faransa, Najeriya kuma ta gaji hannun hagu daga Ingila. Ke nan a da, direban da ya taso daga Maradi za shi Katsina, da zarar ya wuce Ɗan Issa ya tsallake iyaka, sai ya koma ɗaya gefen hanya. Haka aka yi ta yi har ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da Najeriya ta koma hannun dama, ta dace da maƙwabtanta Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey, wato Benin ta yanzu. Ba ita kaɗai ba: Gambiya ta sauya a 1965, Saliyo a 1971, Gana a 1974.

Shi ya sa idan kun ga tsohuwar Land Rover ko Bedford ta Najeriya mai sitiyari a dama, galibi ta zamanin kafin sauyin ce. Ita kuwa Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, muke ce mata kat-san-kat, da sitiyarin hagu ta shigo Nijar. Haka ma Peugeot 504 da masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975.

A shekarun 1970 ɗin ne kuma Najeriya ta bar awon mil ta kama kilomita. Amma sunan bai ɓace ba: duk wanda ya shiga Kano ta hanyar Katsina ya san unguwar Mil Tara.

Mil da kilomita

Mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.6 da ɗan ɗoriya. Kwantar, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa maleji, tana ɗauke da rubutu. In kun ga km/h, kilomita ne. In kun ga MPH, mil ne. Yawancin motocin Amurka da Ingila na da layi biyu na lambobi: manya na mil, ƙanana na kilomita daga ciki. Ga lissafin da ya kamata a riƙe:

Mil 30 kusan kilomita 48 ne.
Mil 50 kusan kilomita 80 ne.
Mil 60 kusan kilomita 97 ne.
Mil 80 kusan kilomita 129 ne.

To, ga inda haɗarin yake. Direba ya ga allon 50 a mashigar gari, ya dubi allura ta tsaya kan 50, hankalinsa kwance. Alhali in kwantar ta mil ce, gudun 80 yake yi. Tazarar da birki ke buƙata a gudun 80 ta ninka ta gudun 50 sau biyu da rabi. A hanyar da yara da amalanke da ƴan kabu-kabu da bisashe ke tsallakawa, wannan tazara ita ce tsakanin firgita da makoki.

Kashi huɗu na motoci

Kada a ɗauka gefen sitiyari shi ke nuna awon kwantar. Motar Faransa, Beljiyam ko Jamus: sitiyarin hagu, kilomita. Motar Amurka: sitiyarin hagu, mil. Motar Ingila: sitiyarin dama, mil. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin Japan: sitiyarin dama, kilomita. Ta Amurka ce ta fi yaudara, don sitiyarinta daidai yake da namu, mutum ba ya zargin komai.

Matsalar sitiyarin dama a hanyarmu

Direban da ke zaune a dama yana can bakin hanya. In yana bayan tirela, sai ya fitar da kusan rabin motar kafin ya ga mai zuwa. Fitilun irin wannan mota kuma an saita su ne don hannun hagu, sai su riƙa kashe idon masu tahowa da dare. In bas ce, ƙofar fasinja na hagu, ma'ana mutane na sauka a tsakiyar kwalta. Dokokin hanya na Najeriya sun hana amfani da motoci masu sitiyarin dama, don haka mai niyyar jigila zuwa Jibiya ko Katsina sai ya yi tunani tun kafin ya biya kuɗi.

Wasu na kai wa bakanike ya mai da sitiyari hagu. Aikin ba wasa ba ne, don ya haɗa da sandar sitiyari, birki, totur da wayoyin wuta. In aka yi shi da walda da ƴan dabaru, wata rana zai iya saki ana cikin gudu.

Kafin a saya ko a aiko

Ƴan uwa da ke waje, masu son aiko wa gida mota, a zaɓi mai sitiyarin hagu, a kuma gaya wa wanda zai tuƙa irin awon da ke jikinta. Masu saye a nan, a duba lambar tafiyar da motar ta yi: mil 100,000 ya haura kilomita 160,000, bai kamata a yi cinikinta kamar mai kilomita 100,000 ba. A leƙa ƙarƙashin sitiyari da cikin inji ko akwai alamar walda ko ramukan da aka toshe, a kuma tafi da bakaniken da aka yarda da shi. Wanda ya riga ya mallaki mai mil, ya liƙa ƴar takarda kusa da kwantar: 30 a cikin gari.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.