BABI NA UKU: SHUGABANNIN HUKUMAR DAURA DAGA ZAMANIN EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi hanyoyin da mutum ke bi ya kai ga shugabancin hukumar Daura, da irin ayyukan da ke wuyansa idan ya kai. Za a ga cewa a zamanin En'e shugaba yakan daɗe yana koyon aiki kafin a ba shi ragama, amma talaka ba shi da ikon cire shi. A zamanin ƙaramar hukuma kuwa talaka ya sami ƙuri'a, sai dai shugaban da ya zaɓa ba ya daɗewa a kan kujera, kuma akasarin kuɗin aikinsa ba a hannunsa suke ba.

3.1 Zamanin En'e

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa, sai suka mayar da sarautar Daura ga gidan Haɓe wanda jihadi ya fitar a shekarar 1805. Suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Da ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya kuwa yi shekara 55 yana sarauta. A lokacinsa ne aikin En'e ya zauna da gindinsa a Daura, wadda ke cikin Lardin Kano har zuwa 1934, lokacin da aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina.

A wancan tsari Sarki shi ne hukuma. A ƙarƙashinsa akwai baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari, sa'an nan ga hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda ke tattara haraji da jangali. Wanda ke son ya zama wani abu a hukuma yakan fara ne daga ƙasa, wato malamin makaranta ko malamin haraji ko magatakarda a ofishin hakimi. Daga nan sai a riƙa ɗaga shi sannu a hankali har ya sami sarauta ko ya riƙe wani sashe na En'e. Amfanin wannan shi ne, kafin mutum ya kai sama ya riga ya san ƙauyuka da mutanensu. Illarsa kuwa ita ce, ƙofar ba ta cika buɗewa ga wanda ba ɗan sarauta ko baran sarauta ba ne, kuma talakan da aka zalunta wajen haraji ba shi da wurin kai kuka sai gun waɗanda suka zalunce shi.

Irin waɗannan koke-koke ne suka sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna a 1950 yana neman a gyara tsarin En'e. Sakamakon haka aka wajabta wa sarakuna yin aiki tare da majalisunsu, aka kuma kafa Dokar En'e ta 1954.

3.2 Misali Daga Rayuwar Alhaji Muhammadu Bashar

Babu wanda rayuwarsa ta fi nuna wannan tsohuwar hanya kamar Alhaji Muhammadu Bashar. An haife shi a 1926, ya taso cikin aikin En'e ta Daura, aka naɗa shi Wamban Daura. Ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, har ya zama Ministan Tsara Tattalin Arziki a gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen wannan gwamnati. A cikin shekarar ce kuma Sarki Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Wambai a gadonsa.

Abin lura a nan shi ne, ya hau gadon sarauta daidai lokacin da aka fara zare wa En'e ƙarfinta. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Ke nan mutumin da ya koyi aikin hukuma tun daga ƙasa har ya riƙe ma'aikata a Kaduna, shi ne aka mayar mai ba da shawara. Ya yi sarauta har zuwa rasuwarsa a 2007, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi.

3.3 Zamanin Ciyaman da Kantoma

Garambawul ɗin 1976 ya soke En'e baki ɗaya, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya. Masarautar Daura gaba ɗayanta ta zama ƙaramar hukuma guda a cikin Jihar Kaduna. Ragama ta koma hannun ciyaman da kansiloli, tare da sakatare wanda ke shugabantar ma'aikata. Ayyukan da aka ɗora musu sun haɗa da makarantun firamare da ɗakunan shan magani da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da rijiyoyi.

Tun daga nan kujerar ba ta zauna lafiya ba. A jamhuriya ta biyu ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnoni ne suka riƙa naɗa kwamitocin riƙo. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, abin da ya sauke wa talaka nauyi, amma ya sa hukuma ta dogara ga kason da ke zuwa daga sama. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, ta miƙa hukumomin ga kantomomi. An yi zaɓe ba jam'iyya a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka sake yin wani a 1990 tsakanin SDP da NRC, sai kuma aka rushe su a 1993. Ya zuwa 1996 an raba masarautar gida biyar: Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. Ta haka Ƙaramar Hukumar Daura ta taƙaita ga birnin da kewayensa.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni, amma ya sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2015 gwamnatin Jihar Katsina ta rushe majalisun ƙananan hukumominta 34, har da ta Daura, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a 2021 cewa rushewar ta saɓa wa doka. Ba a sake zaɓe ba sai a 2022. A watan Yuli 2024 kotun ta sake yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kwamitocin riƙo.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sarakuna biyu ne kawai suka riƙe Daura daga 1911 zuwa 2007, alhali ciyaman bai cika wuce 'yan shekaru ba kafin wa'adinsa ya ƙare ko a rushe majalisarsa. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan gajeren wa'adi da rashin iko da baitulmali su ne suka fi hana shugaban ƙaramar hukuma barin aikin da za a tuna da shi. A babi na huɗu za a dubi hanyoyin samun kuɗin shiga na Ƙaramar Hukumar Daura da yadda ake kashe su.