Baƙuwa da Mai Masauki: Matan Kirista a Damagaram da Maraɗi

Kiristanci a Damagaram tun farkonsa addinin baƙi ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Zinder, wato Damagaram, a 1924, shekara biyu kafin Faransawa su mayar da fadar mulkinsu Yamai. 'Yan ƙasa kaɗan ne suka bi. Akasarin masu cika majami'u akawuna ne da malaman makaranta da masu sana'a daga Dahome da Togo, tare da matansu. Zaman nasu kuwa bai taɓa rabuwa da fargaba ba. A ƙarshen 1963 gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahome, ana tsakiyar rikicinta da Dahome kan tsibirin Lete. Ranar 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka cinna wa majami'un Zinder wuta, iyalai da dama suka fake a barikin soja.

In ana ba da labarin baƙuwar da ta jure irin wannan, akan ce imaninta ne ya fisshe ta. Ban musa ba, amma a ganina bayanin bai cika ba, don ya manta da mai masauki.

Dubi Marie-Catherine Kingbo, matar zuhudu daga Senegal. A 2006 ta zo Maraɗi, cibiyar Katolika da Zinder ke ƙarƙashinta, ta kafa ƙungiyar Fraternité des Servantes du Christ. Ba da wa'azi ta shiga ƙauyuka ba. Ta fara da ciyar da yara masu tamowa, da ba mata ɗan jari. Da ta tashi yin magana kan auren wuri, batun da ko ɗan gari kan taka a hankali, sai ta tara limamai da masu gari, aka zauna da su ana tattaunawa. Wato ta bi tsohuwar ƙa'idar ƙasar Hausa, cewa baƙo ta ƙofar masu gida yake shiga. Imani ne ya zaunar da ita cikin zafi da ƙarancin kuɗi, amma amincewar Musulmi ce ta buɗe mata zaure.

Wani zai ce wannan amincewa ba ta hana gobarar 2015 ba. Gaskiya ne, taron matasa masu fushi ba ya jin maganar liman ɗaya. Sai dai a wannan rana ma akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu. Kingbo ta ci gaba da aikinta bayan tarzomar, har ta rasu a 2021.