Tarihin Kwaskwarimar Motocin Gudu a Japan

Al'adar yi wa motocin gudu kwaskwarima da kula da su domin sha'awa ta kafu a ƙasar Japan tun daga shekarun 1970, kuma tarihinta yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin dokokin da hukuma ta riƙa gindaya wa mota da mai ita. Motar gudu, a wannan bayani, ita ce wadda kamfani ya ƙera domin sauri da daɗin tuƙi amma ya sayar wa jama'a su hau a kan titi, saɓanin motar tsere wadda ba ta barin filin gasa. Kwaskwarima kuwa ita ce duk wani canji da mai mota ko bakanike zai yi wa inji ko ƙafafu ko jikin motar, domin ta yi abin da ba ta iya yi ba ranar da ta bar masana'anta. Abin da ya keɓanta Japan shi ne injiniyoyinta sun daɗe suna ƙera injina masu ƙarfin da ya wuce wanda doka ko yarjejeniya ta yarda a fito da shi fili, kuma a cikin wannan tazara ce ƙananan garejoji suka sami sana'a.

Kafin shekarun 1960 motar hawa abin alfarma ce a ƙasar, domin mafi yawan abin da masana'antu ke fitarwa motocin kaya ne da ƙanana masu ƙafa uku. Al'amari ya fara sauyawa da kamfanin Honda ya gina filin tsere na Suzuka a 1962, aka yi babbar gasar ƙasa ta farko a can a 1963, shekarar da aka buɗe sashen farko na babbar hanyar Meishin. A gasar 1964 ne kamfanin Prince ya ɗauki motar iyali mai suna Skyline, ya ƙara wa gabanta tsawo domin ta ɗauki inji mai silinda shida na babbar motarsa Gloria, sannan direba Tetsu Ikuzawa ya sha gaban Porsche 904 ta Jamus na ɗan lokaci kafin ta karɓe matsayinta ta lashe gasar. Skyline ba ta zo ta ɗaya ba, amma 'yan kallo sun koma gida da sanin cewa mota ta yau da kullum, idan aka dasa mata injin da ya fi nata, tana iya gogawa da ta Turai. Prince ya narke cikin Nissan a 1966, kuma a 1969 Nissan ya fito da Skyline GT-R da Fairlady Z, waɗanda suka zama abin da kanikawa za su shafe shekaru suna koyon aiki a kansu. Injin Fairlady Z, wanda ake kira jerin L, ya shahara da juriya, har daga baya kanikawa suka riƙa faɗaɗa ramukan silindarsa, suna sanya masa sandar da fistin ke juyawa wadda suka ciro daga injin dizal na kamfanin, domin girmansa ya tashi daga lita 2.8 zuwa kusan 3.1.

Shekarun 1970 sun zo da matsi biyu a lokaci guda, wato tsadar man fetur da ta biyo bayan rikicin 1973, da dokokin rage hayaƙi waɗanda suka kai matuƙa a 1978 har suka shiga sahun mafi tsanani a duniya. Manyan kamfanoni suka janye daga tsere, suka mayar da injiniyoyinsu kan aikin tsabtace hayaƙi, kuma sabuwar GT-R ta 1973 guda 197 kacal aka ƙera kafin a dakatar da ita. Sai dai sha'awar gudu ba ta mutu da janyewar kamfanoni ba, ta koma hannun masu ƙananan wuraren aiki. A 1973 Hiroyuki Hasegawa, tsohon injiniyan Yamaha, tare da Goichi Kitagawa suka kafa HKS a gindin Dutsen Fuji. A shekarar ce kuma Hirotoshi Honda, ɗan wanda ya kafa Honda, ya buɗe Mugen. TOM'S da RE Amemiya suka biyo baya a 1974, Trust kuma a 1977. Babban makaminsu shi ne turbo, na'ura mai farfela biyu a kan sanda ɗaya, inda hayaƙin da ke fita daga inji yake juya ta farko, ta biyun kuma take cusa iska cikin silinda da matsi, ta yadda ƙaramin inji zai ƙona fetur kamar babba. HKS ya fara sayar da turbo da za a ɗaura wa motar hawa a 1974, shekara biyar kafin Nissan ya fito da Cedric mai turbo a 1979, wadda ita ce ta farko daga masana'antar Japan. Wannan jerin shekaru ya isa hujjar cewa gareji ne ya yi gaba a wannan fanni, masana'anta ta biyo sawu.

Duk da haka, sana'ar ta girma ne a gefen doka. Japan tana da tsarin binciken mota da ake kira shaken, wanda a yau ake yi wa sabuwar mota bayan shekara uku, daga nan kuma duk bayan shekara biyu, ana duba birki da fitilu da hayaƙi da ƙarar salansa da tsayin mota daga ƙasa, tare da biyan haraji da inshorar dole. Kafin tsakiyar shekarun 1990, kusan duk wani canji da ya saɓa wa yadda aka yi wa mota rajista yana iya hana ta wucewa, saboda haka masu motoci da yawa suka saba da ajiye kayan asali a ɗaki, su mayar da su idan bincike ya ƙarato, su sake cirewa bayan an ba su takarda. Jama'a kuma ba su bambanta mai kwaskwarima da 'yan bosozoku, gungun matasa masu tayar da unguwa da ƙarar babura da motoci cikin dare, waɗanda aka gyara dokar hanya a 1978 domin murƙushe su. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin wanke sunan sana'ar shi ne ɗan jarida Daijiro Inada, wanda ya kafa mujallar Option a 1981, ya riƙa kai motocin garejoji filin gwaji na Yatabe ana auna iyakar gudunsu ana bugawa, ta yadda da'awar bakanike ta koma lamba da kowa zai iya karantawa. A 1983 ya shirya baje kolin motocin da aka yi wa kwaskwarima a Tokyo, wanda aka sauya wa suna zuwa Tokyo Auto Salon a 1987, kuma har yanzu ana yin sa kowane watan Janairu.

Ƙarshen shekarun 1980 ne ya samar da motocin da duniya ta fi sani, domin tattalin arzikin Japan yana kan ganiyarsa, kamfanoni suna da kuɗin kashewa a kan bincike, matasa kuma suna da kuɗin saye. A daidai lokacin ne mace-macen hanya suka sake haura dubu goma a shekara, a 1988, hankalin hukuma ya tashi, kamfanoni suka amince a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar da ta wuce ƙarfin doki 280 a cikin gida ba, wanda shi ne ma'aunin Fairlady Z ta 1989. Dama kuma akwai na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 180 cikin sa'a. Yarjejeniyar ta ɗaure lambar da ake rubutawa a takarda, amma ba ta hana injiniya zuba ƙarfe mai kauri ba. Skyline GT-R ta 1989, wadda ake kira R32, an ƙera injinta mai lita 2.6 da turbo biyu ne domin gasar motocin kasuwa, inda yake ba da ƙarfin doki wajen 600, kuma ta lashe dukkan tsere 29 da ta shiga a gasar Japan daga 1990 zuwa 1993. Injin da aka yi domin wannan nauyi shi ne aka sayar wa jama'a a daure. Haka nan Toyota Supra ta 1993 ta zo da injin 2JZ mai gangar jikin baƙin ƙarfe, wanda ke jure ninkin ƙarfinsa ba tare da an buɗe cikinsa ba.

Aikin bakanike a kan irin waɗannan motoci yana da tsari da aka gada. Ana farawa da sauƙaƙa wa inji numfashi ta hanyar canza matatar iska da salansa, sannan a ƙara matsin turbo, a sake rubuta umarnin ƙaramar kwamfutar da ke auna fetur da lokacin tartsatsin fulogi, domin iska mai yawa da fetur kaɗan tana haifar da zafin da ke narkar da fistin. A R32 akwai wani ɗan ƙarfe da masana'anta ta cusa cikin siririn tiyo domin taƙaita matsin turbo, wanda cire shi kaɗai yana ƙara ƙarfi. Amma farfelar turbo ɗin ta yumɓun masana'anta ce mai sauƙin nauyi, kuma idan matsi ya wuce kima takan tarwatse, don haka mai hankali yakan canza ta da ta ƙarfe tukuna. Kowane ƙari yana jawo wani: ƙarfi yana neman kulochi mai riƙo, da lagireto mafi girma, da birki da taya da za su iya tsayar da abin da aka tayar. Garejojin da suka yi suna su ne waɗanda suka girmama wannan jeri, ba su yarda mai mota ya sayi ƙarfi kafin ya sayi birki ba.

Wuraren gwada motocin iri biyu ne. Akwai babbar hanyar bakin teku ta Tokyo, Wangan, inda ake neman iyakar gudu cikin dare, akwai kuma toge, hanyoyin kan dutse masu yawan kwana, inda ƙaramar mota mara nauyi irin Toyota AE86, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, ta fi babba amfani. A kan duwatsun ne salon zamiya ya bunƙasa, wato sakin tayoyin baya su zame da gangan yayin shan kwana, kuma Keiichi Tsuchiya ne ya fito da shi fili da wani bidiyo na 1987 wanda ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere. Wannan ɓangare na tarihin bai cancanci ado ba, domin titunan na jama'a ne, kuma an yi asarar rayuka a kansu, har da na waɗanda ba su san ana tsere ba. Ci gaban gaskiya ya zo ne da aka koma filaye irin Tsukuba, mai tsawon kilomita biyu da 'yan kai, inda zagaye shi cikin ƙasa da minti ɗaya ya zama shaidar ƙwarewar gareji, da kuma gasar zamiya ta D1 wadda Inada da Tsuchiya suka assasa a farkon ƙarnin nan. Doka ma ta sassauta a 1995, bayan matsin lambar Amurka wadda ke son a buɗe wa kayan gyaranta kasuwa, aka halatta canza abubuwa irin su sifirin da salansa ba tare da sabuwar rajista ba muddin sun cika ƙa'idar lafiya.

Daga nan labarin ya fita waje cikin hanzari, ta littafin zane na Initial D da ya fara a 1995, da wasan kwamfuta na Gran Turismo a 1997, da fim ɗin The Fast and the Furious a 2001, yayin da motocin gwanjo suka riƙa kwarara zuwa Ostireliya da New Zealand da Ingila, ƙasashen da sitiyarinsu yake dama kamar na Japan.

A watan Agustan 2002 sabuwar dokar hayaƙi ta kawo ƙarshen ƙera Skyline GT-R da Supra da Mazda RX-7 da Nissan Silvia a lokaci guda, yarjejeniyar 280 kuma ta faɗi a 2004 da fitowar Honda Legend mai ƙarfin 300. Tun daga lokacin nauyin al'adar ya fara karkata daga ƙara ƙarfi zuwa raya abin da ya tsufa, aikin da ya fi na farko neman haƙuri. RX-7 ce ta fi nuna haka, domin injinta na rotari ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikin ɗaki, kuma siraran ƙarafan da ke toshe kusurwoyin suna cinyewa da tafiya. Injin yana ƙona ɗan baƙin mai da gangan domin shafa musu, saboda haka mai motar yakan duba ma'aunin mai a kai a kai, ya guji kashe inji yana sanyi don kada fetur ya jiƙa fulogi, ya kuma auna matsin ɗakunan kafin ya yanke shawarar garambawul. Tiyoyin roba masu yawa da ke sarrafa turbo biyu na samfurin 1991 sukan bushe da zafi su tsage, kuma gano wanda ya tsage aikin yini ne. Ga tsatsa a ƙarƙashin bodi, ga ƙananan kayan lantarki na cikin kwamfutar mota da ke yoyo bayan shekara talatin.

Hukumar Japan ba ta sauƙaƙa wa mai tsohuwar mota ba, domin harajin motar fetur yana ƙaruwa da kimanin kashi 15 cikin ɗari idan ta wuce shekara 13. A ɗaya gefen kuma dokar Amurka ta 1988 ta yarda a shigo da motar da ba a ƙera domin kasuwarta ba idan ta cika shekara 25, don haka R32 ta sami shiga a 2014, samfurin GT-R da ya zo daga baya, wato R34, kuma a 2024, farashi ya yi tashin gwauron zabi, motoci da yawa suka bar ƙasar da ta haife su. Masu saye a yanzu sun fi daraja motar da ba a taɓa ba, har garejoji suna karɓar aikin cire kayan da aka ɗaura a shekarun 1990 su mayar da na asali. Kamfanonin da suka daɗe da daina ƙera waɗannan kaya sun dawo kansu: Nismo, reshen tsere na Nissan, ya fara sake fitar da kayan R32 a 2017, Mazda ya buɗe shirin sabunta samfurin farko na motarsa Roadster a shekarar, Toyota kuma ya bi sahu a 2020 da kayan Supra, daga baya ya ƙara da na AE86.