Rediyon Da Ke Saurare Kafin Ya Yi Magana: Tarihin Intanet Ta Zangon Talabijin

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Kun san tsohuwar talabijin mai eriya, wadda in kana neman tasha sai ka faɗa wurin da babu komai sai yayyafi da "shhh"? To, yawancin wuraren nan da gangan hukuma ke barin su, don kada tashoshi su shiga juna. A kan wannan filin nake son mu tattauna yau.

A 1999 wani injiniya ɗan Amurka, Joseph Mitola, yana karatun digirin digirgir a Stockholm, ya fito da tunanin "rediyo mai hankali": na'urar da za ta saurari iska, ta gano zangon da babu kowa, ta aika saƙo a kai, in mai wuri ya dawo ta matsa. Me ya sa aka sa wa zangon talabijin ido? Saboda siginarsa tana tafiya kilomitoci, tana ratsa itatuwa da bango, alhali Wi-Fi ɗinmu da ƙyar yake wuce zaure.

Sai rigima ta tashi a Amurka. Google da Microsoft suka ce a buɗe wa kowa. Gidajen talabijin da masu makirufo mara waya, har da mawaƙiya Dolly Parton, suka ce za a lalata musu aiki. Ranar 4 ga Nuwamban 2008, ranar da aka zaɓi Obama, hukumar sadarwa ta FCC ta amince.

Amma fa masu ƙorafin suna da hujja. Na'ura tana iya zama bayan tsauni, ba ta jin tashar, ta ɗauka fili ne, ta yi magana, ta ɓata hoton maƙwabcin da eriyarsa ke kamawa ras. Shi ya sa a Satumban 2010 FCC ta janye wajabcin sauraren. Yanzu na'urar za ta faɗi inda take, ta tambayi rumbun bayanai ta intanet, a ce mata ga zangon da za ta hau. Kun ga hankalin ya tashi daga kunne ya koma rajista ke nan.

A 2013 aka gwada a Afirka: makarantu 10 a Cape Town, sai shirin Mawingu a yankin Nanyuki na Kenya, mai aiki da hasken rana. A Najeriya kuma, sauyawa zuwa talabijin na dijital, wanda aka fara a Jos a 2016, shi ke ƙara sakin zango.

Ni dai a ganina, ƙauyen da ya fi ƙarancin tashoshi shi ya fi yawan fili, kuma shi ya fi buƙatar intanet. Abin da ya rage shi ne doka da araha.

Akwai sabis a garinku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.