SARAUNIYA AMINA TA TARIHI DA AMINA TA TALABIJIN

Tun cikin watan Nuwamba na 2021, lokacin da kamfanin Netflix ya fara nuna wasan nan mai suna Amina, wanda Izu Ojukwu ya shirya a kan Sarauniyar Zazzau, mutane suka rabu biyu a kansa. Wasu suka ce madalla, ko ba komi duniya ta ji sunan jarumarmu. Wasu kuwa suka ce an ɓata mana tarihi, domin ga Amina tana Turanci, ga tufafin da ba su yi kama da namu ba. A 2022 wasan ya ci lambar wasan da ya fi kowane a gasar AMVCA da aka yi a Legas, amma wannan bai kashe gardamar ba.

To, kafin mutum ya ce an ɓata tarihi, ya kamata ya fara tambayar kansa: wane tarihin? Domin abin da aka rubuta a kan Amina a tsofaffin littattafai, in an tattara shi duka, da ƙyar zai cika shafi biyu.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta ne a cikin labarin Sarkin Kano Dauda, wanda Palmer ya ƙiyasta ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Littafin ya nuna cewa ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, sa'an nan ta shekara 34 tana wannan aiki. Kusan iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai gaya mana kamanninta ba, bai ce ga wanda ta so ko ga wanda ta ƙi ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812 kafin ya zama Sarkin Musulmi, shi ma ya kawo ta, ya ce ta yaƙi Katsina da Kano har suka biya ta haraji, kuma ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara, wanda masana suke dangantawa da yankin Ida a ƙasar Igala.

Amma idan muka juya ga mutanen Zazzau su kansu, sai lissafin ya canza. Tarihin Abuja, wanda Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952, ya ce Amina 'yar Bakwa Turunku ce, kuma tana da ƙanwa mai suna Zariya wadda aka sa wa birnin sunanta. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya Bakwa a wajen 1536. Daga nan ne aka samo shekarun nan da ake rubuta wa yara a allo, watau ta hau mulki a 1576, ta rasu a 1610. Mai karatu zai lura cewa tsakanin Aminar Tarihin Kano da Aminar 'yar Bakwa akwai ratar da ta haura shekara ɗari. Bugu da ƙari, sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau ɗin, abin da ya sa wasu masana suke ganin gimbiya ce mai jan runduna, ba ta hau gadon sarauta ba. Shi kansa Bakwa, wasu sun ce mace ce, wasu sun ce namiji ne. Kai, shi ma Tarihin Kanon, masana irin su Murray Last suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi a yadda muke da shi yanzu, watau shekaru ɗaruruwa bayan zamanin da yake ba da labari.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki na'urar ɗaukar hoto ya ce zai yi wasan fiye da sa'a guda a kan Amina, dole ne ya yi ƙari. Dole ya sa mata magana a baki, ya ƙirƙiro mata masoyi da maƙiyi da mai cin amana a fada, in ba haka ba 'yan kallo su yi barci. A nan ban ga laifin masu wasan ba. Ai kakanninmu ma abin da suka yi ke nan. Labarin nan da ake yi cewa kowane gari ta ci sai ta zaɓi namiji guda, gari na wayewa ta sa a kashe shi, ba ya cikin abin da Tarihin Kano ya kawo. Bakin mutane ne ya riƙa yi wa labarin ado har ya iso gare mu. Haka nan duk tsohuwar ganuwar da aka manta wanda ya gina ta, sai a ce ganuwar Amina ce.

Inda nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya shi ne a kan abubuwan da aka sani. Ba mu san abin da Amina ta faɗa wa ƙanwarta ba, amma mun san yadda ake gaida sarki, mun san yadda ake naɗa rawani, mun san bambancin aikin Madaki da na Galadima, mun san kayan doki. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke a Kano. Ya kuma jingina kakaki da figini da takalman gashin jimina ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Labarin Kano ne wannan, ba na Zazzau ba, amma yana nuna irin tambayar da ya kamata mai shirya wasa ya yi wa kansa. Idan ya ɗauki Aminar zamanin Dauda, to sai ya yi tunani kafin ya sa a busa mata kakaki. Idan kuwa ta 1576 ya ɗauka, ba matsala. Gyara irin wannan ba ya rage wa wasa daɗi ko kaɗan, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai a zauna da dattawan fada a tambaye su. Wanda ya ƙirƙiri abin da ba a sani ba yana da uzuri. Wanda ya yi sakaci da abin da ke gaban idonsa, har yau ana ganinsa a hawan salla, ba shi da shi.

Wannan rigima ba tamu ba ce mu kaɗai. A Turkiyya an yi wani dogon wasan talabijin daga 2011 zuwa 2014 a kan Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566. Mutane suka yi ta kai kuka cewa an mai da sarkin mazaunin cikin gida tsakanin mata da kuyangi, har a 2012 Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Recep Tayyip Erdogan, ya fito fili ya soki wasan, yana nuna cewa Sulaiman a kan doki ya ƙare rayuwarsa. Duk da haka wasan ya yi kasuwa a ƙasashe da yawa. A Ingila kuma akwai The Crown, a kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda aka nuna daga 2016 zuwa 2023. A 2020 ministan al'adu na ƙasar, Oliver Dowden, ya nemi Netflix ya rubuta a farkon wasan cewa ƙagagge ne, kamfanin ya ƙi. A 2022 tsohon Firayim Minista John Major ya ƙaryata wata fitowa da aka nuna Yarima Charles yana tattaunawa da shi a kan yadda mahaifiyarsa za ta sauka daga mulki.

Amma akwai bambanci babba tsakaninmu da su. Baturen da ya kalli The Crown ya yi shakka, zai je ɗakin karatu ya tarar da jaridun ranar da hotuna da wasiƙu, wani lokaci ma mutanen da ake kwaikwaya suna da rai za su ce ba haka aka yi ba. Yaron da ya kalli Amina a waya a Gwarzo ko Kabo ko nan Sabon Birni, wa zai ce masa ba haka aka yi ba? An shafe shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare ba, kafin gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar dawo da shi. Yaran da suka tashi a wannan tsakani, abin da suka gani a akwatin talabijin shi ne tarihinsu.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ya riga ya warware wannan matsala tun kafin a ƙera talabijin. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita: a buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, har mai ba da ita ya jingina ƙaryar ga gizo. Labarin gaske kuwa ba a yi masa haka. Da yawa cikinmu mun kalli Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta yi a shekarun 1980, da marigayi Ƙasimu Yero a ciki, ga fada ga waziri ga aku, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an ɓata tarihi ba, domin Abubakar Imam bai ce tarihi yake rubutawa ba. Haka Sangaya na 1999, inda Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki. Gardama tana tashi ne a ranar da aka ɗauko sunan mutumin da ya rayu, da sunan garin da yake nan har yau, aka zuba su cikin tatsuniya ba tare da an buɗe ta da ga ta nan ba.

Aikin da ya rage yana kan malamanmu na tarihi, da mu da muka zama iyaye. Ba sai an hana yara kallo ba. A bar su su kalla, sa'an nan a ajiye musu abin da Tarihin Kano ya ce, da abin da Muhammadu Bello ya ce, da abin da mutanen Abuja suka ce, a tambaye su wane ɓangare na wasan ne ya fito daga waɗannan, wane ne kuma mai wasan ya ƙaro. Wannan bai wuce darasin minti arba'in ba, kuma ƙungiyarmu tana iya fara wa da sayen kofe na waɗannan littattafai ta ajiye a ɗakin karatu na makaranta.