Na zauna koyon karanta katin tarot, sai tarihinsa ya ba ni mamaki 🧵

1/
Kwanaki TikTok ya ishe ni da bidiyon "zaɓi kati ɗaya in faɗa maka abin da ke tafe". Wata ma har kuɗi take karɓa, wai sirrin Fir'aunonin Masar ne a hannunta. Na ce bari in koya da kaina in ga me ke ciki. Ku biyo ni.

2/
Abin da ɗan koyo ke fara haddacewa: katunan 78 ne. Manya 22, masu hotuna irin su Wawa, Hasumiya da Mutuwa mai lamba 13. Ƙanana 56, gida huɗu: kofuna, takubba, tsabar kuɗi, sanduna. A jera uku, a ce jiya, yau, gobe.

3/
Ina cikin hadda sai na tambayi kaina: wa ya ba katunan nan ma'ana? Nan labari ya sauya.

4/
Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370, daga daular Mamluk ta Masar. Gidajen kartar Mamluk: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan wasan folo. Kun ga kamar? Akwai irinta a ajiye a gidan tarihin Topkapi da ke Istanbul. Wasa ne kawai, ba duba ba.

5/
Wajen 1440, a fadojin arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara wa kartar manyan katuna masu hoto. Gidan sarautar Visconti da na Sforza har da ruwan zinare aka yi musu nasu. Me suke yi da su? Buga wasa, kamar yadda muke buga Whot.

6/
Haka aka shafe sama da shekara 300. Sai 1781, wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa tarot ɓoyayyen littafin malaman tsohuwar Masar ne. Hujjarsa? Babu. A lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunonin ma, sai a 1822 Champollion ya warware shi. Da aka karanta, ba tarot a ciki.

7/
Amma labarin ya riga ya samu kasuwa. Wani mai suna Alliette, da ya juya sunansa zuwa Etteilla, ya mayar da duba da katin sana'a a Paris, ya tsara wa kowane kati ma'ana.

8/
Katunan da kuke gani a TikTok yawanci na 1909 ne, bugun Landan. Arthur Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana dukkan 78. Shekaru da dama sunan kamfanin Rider da na Waite ake kira, ita kuwa an manta da ita.

9/
To me ya sa wasu ke cewa "wallahi ya faɗi daidai"? A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya ba ɗalibansa bayanin halinsu, ya ce kowa nasa daban. Suka ce ya dace da su sosai. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Magana ce mai faɗi, kai ne ke cusa rayuwarka a ciki.

10/
Ni ma na gwada da wani abokina. Na ce "akwai wanda ka amince wa ya ba ka kunya". Ya zaro ido. Waye ba a taɓa yi wa haka ba? 😅

11/
Mun san bugun ƙasa, mun san abin da malamai suka ce kan zuwa wajen mai duba. Shigowarsa ta waya da Turanci bai canza shi ba. A Faransa kuwa har yau tarot wasan karta ne, da gasa da ƙungiya tun 1973.

12/
Kafin ka tura wa wani kuɗi ko sirrinka, ka tambaye shi daga ina katin ya fito. In ya ce Fir'auna, turo masa zaren nan.